Damina a Bakin Dogo: Jirgin Ƙasa da Kalandar Manomin Lafiya

Gabatarwa

Idan aka ɗauko zancen tarihin jirgin ƙasa a Arewacin Nijeriya, abin da kan fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne Kano da dalar gyaɗa, ko Zariya da auduga, ko kuwa Jos da kuza. Da wuya a ji an ambaci ƙananan tashoshin da ke jere tsakanin Makurɗi da Kafanchan, irin su Kadarko da Agyaragu da Lafiya da Barikin Abdullahi da Gudi. Alhali kuwa a waɗannan wurare akwai mutanen da har yau in an ambaci jirgi sai fuskarsu ta sake, su shiga ba da labari ba ji ba gani. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa begen da mutanen ƙasar Lafiya ke yi wa jirgin ƙasa a ɗaure yake da damina da amfanin gona, domin dogo ne ya mayar da bambancin ruwan sama da ke tsakanin kwarin Binuwai da ƙasar Hausa ya zama ciniki na kowace shekara.

Yadda Dogo Ya Iso Lafiya

Tun kafin zuwan Turawa Lafiya garin kasuwa ce. Barebari ne suka kafa sarautarta a ƙarƙashin Muhammadu Dunama wajen ƙarshen ƙarni na 18, a cikin ƙasar da Alago da sauran ƙabilu ke zaune, shi ya sa ake ce mata Lafiyar Barebari. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, wanda ya yi mulki daga 1881 zuwa 1903, kasuwarta ta bunƙasa, aka kuma buɗe hanyar fatauci zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. Gishirin Keana da na Awe ya daɗe yana jawo fatake daga nesa. Sai dai kuma duk abin da za a fitar daga ƙasar a wancan lokaci, ko dai a ɗauke shi a ka, ko a kai shi bakin ruwa a zuba a kwalekwale. Kaya mai nauyi kuma mai saurin lalacewa kamar doya ba ya jure irin wannan doguwar tafiya.

Turawa ba don doya suka shimfiɗa dogon gabas ba. A shekarar 1909 aka gano kwal a Udi, kusa da inda birnin Inugu yake a yau, sai gwamnati ta fara gina layi daga Fatakwal a 1913, ya isa Inugu a 1916. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da aikin. Bayan an dawo da shi ne layin ya kai Makurɗi a 1924, ya ratsa ta Lafiya, ya haɗu da tsohon layin Ikko zuwa Kano a Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga Kafanchan zuwa Jos a 1927. Burin masu mulki shi ne kwal ya hau Filato, kuza ta gangara bakin teku. Kafin a gama gadar Makurɗi, wadda Gwamna Donald Cameron ya buɗe a 1932, a kan jirgin fito ake ƙetarar da taragai daga wannan gaɓa ta Binuwai zuwa waccan. Ke nan Lafiya ta sami tasha ne saboda ta faɗo a kan hanya, amma mutanen ƙasar ba su daɗe ba suka gane abin da za su yi da ita.

Damina Biyu a Ƙasa Ɗaya

Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ya san cewa ruwa ba ya zama sosai sai cikin watan Yuni, kuma kafin ƙarshen Satumba ya fara ɗaukewa. A Lafiya kuwa, bayan zafin Fabrairu da Maris, hadari kan fara haɗuwa tun cikin Afrilu, ruwa kuma ba ya sallama sai Oktoba. Wato manomin Lafiya ya riga na ƙasar Hausa shiga damina da kusan wata biyu, ya kuma bar shi a baya wajen fita.

Wannan tazara ita ce jigon labarin. Manomin doya, ko Eggon ne, ko Alago, ko Migili, ko Tibi, yakan tara tsibin ƙasa tun ƙasa na da sauran laima a ƙarshen damina, ko kuma da ruwan farko, ya binne iri ya lulluɓe da ciyawa don kada rana ta dafa shi. Agushi kan shiga ƙasa da faɗuwar ruwan fari, kuma tun tsakiyar damina an fara fasa shi ana wankewa. Sabuwar doya kan fara fitowa wajen Yuli zuwa Agusta, tare da ɗanyar masara da gyaɗar fari. To, a daidai wannan lokaci ne rumbunan ƙasar Hausa ke yin ƙasa: hatsin bara ya kusa ƙarewa, geron bana bai nuna ba, magidanci na auna tsaba da hannu biyu. Abinci ya yi yawa a wannan gefe, ya yi ƙaranci a wancan, kuma ga dogo ya haɗa gefen biyu.

Har ila yau, ba kowane amfani ne ke bin hanyar arewa ba. Riɗi, wanda ake girbewa da kaka, shi ne abin da kamfanonin Turawa suka fi nema a Lardin Binuwai, inda Lafiya take a ƙarshen mulkin mallaka. Ana auna shi a sikeli, a ɗinke buhu, a tara a sito, sa'annan ya gangara Fatakwal ya ƙetare teku. Da kuɗinsa talaka ke biyan haraji. Ashe ke nan tashar Lafiya fuska biyu gare ta: da damina ta fi duban arewa da abinci, da kaka da rani ta fi duban kudu da kayan awo.

Rayuwar Tasha da Damina

Dalilin da ya sa damina ta fi kowane lokaci ɗaukaka darajar jirgi a bayyane yake. Hanyoyin mota na wancan zamani na jar ƙasa ne, kuma in an sheƙa ruwa akan tsayar da manyan motoci sai hanya ta sha iska, don kada su farfasa ta. Dogo kuwa a kan tsakuwa yake, an ɗaga shi sama da kwari. Amma shi ma bai tsira gaba ɗaya ba. Ruwan marka kan zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin layi, ko rafi ya cika ya tafi da kwalbati, saboda haka leburorin dogo da shugabansu ba su da hutu a waɗannan watanni. Kowane rukuni na da iyakar zangon da yake kula da shi, suna bi da ƙafa suna duba ƙusa da maɗauri, suna sare ciyawar da ke neman rufe hanya. Jiragen farko kuma masu cin kwal ne da shan ruwa, dole su riƙa tsayawa a cika musu tukunya, kuma tsayawar nan ita ce kasuwar masu talla.

Mai karatu ya ƙiyasta yadda tasha kan kasance a ranar jirgi cikin watan Agusta. Mata sun fito daga ƙauyuka tun da duku-duku da doya a ka. Dillalai na lissafi da ƙwarya, wato doya ɗari. Fatake daga Kano da Zariya da Jos sun sauka a gidajen masu masaukinsu, waɗanda su ne ke tsaya musu wajen ciniki da ajiya. 'Yan dako na jiran a buɗe tarago. Yara masu tallan dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara sun san ba su da fiye da 'yan mintoci a gindin tagogi. Manomin da ke nesa da tasha, wanda ba shi da agogo, yakan ji kukan jirgi ya san rana ta yi inda ta yi.

Tasha ta kuma tara baƙi. Da yawa daga cikin akawuna da direbobi da masu buga waya mutanen kudu ne, musamman Ibo da Yarbawa, suka zauna a barikin reluwe da iyalansu, suka koyi Hausa domin ita ce harshen ciniki tsakanin ƙabilun yankin. Sunayen wasu garuruwa ma sun isa shaida, domin akwai waɗanda tasha ce ta haife su ko ta raya su, har kalmar bariki ko tasha ta manne a jikin sunansu.

Masu Begen Jirgi

A Ingila son jirgin ƙasa ya daɗe da zama abin sha'awa mai zaman kansa. A 1942 wani matashi ma'aikacin reluwe mai suna Ian Allan ya buga ɗan littafin lambobin kawunan jirage, sai yara da manya suka shiga tsayuwa a tashoshi suna rubuta lambar duk wanda ya wuce. A 1951 wasu 'yan sa kai suka karɓi ƙaramin layin Talyllyn a ƙasar Wales suka ci gaba da tafiyar da shi don kada ya mutu. A nan gida ma akwai makamancin haka a Ikko, inda ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara Gidan Jaekel da ke Ebute Metta ta mayar da shi gidan adana kayan tarihin reluwe. Shi Francis Jaekel ɗin, tsohon ma'aikacin reluwe ne da ya rubuta tarihin jirgin ƙasan Nijeriya cikin juzu'i uku.

Masu begen jirgi a Lafiya ba irin waɗancan ba ne. Ba su da ƙungiya, ba su da littafin lambobi. Su ne tsofaffin ma'aikata masu jiran fansho, da dillalan da suka yi gida da kuɗin doya, da matan da suka aurar da 'ya'ya da ribar talla, da waɗanda suka fara ganin Kaduna ko Inugu ta tagar tarago. Abin lura shi ne, in suna ba da labari, da yanayi suke auna lokaci: shekarar da ruwa ya yanke layi, daminar da doya ta ruɓe a tasha don tarago bai zo ba, kakar da riɗi ya yi kuɗi. Bahaushe kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma a nan tunawar ta wuce ƙorafi, domin a cikinta akwai sanin farashi da hanyoyin ciniki da sauyin damina wanda ba a rubuta shi a rahoton kowane Razdan ba.

Adabinmu ma bai yi wa wannan yanki adalci ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya bar mana Waƙar Diga a kan aikin dogon da ya ratsa ƙasarsa a farkon ƙarni na 20, saboda haka ɗalibin Hausa ya san wahalar da aka sha a can. Waƙoƙin leburorin da suka sare dajin da ke tsakanin Makurɗi da Gudi, da na mata masu dakon doya, suna cikin harsuna dabam-dabam, kuma a bakin tsofaffi kawai suka rage.

Dusashewar Dogo

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, kuma a 1964, shekarar da layi ya isa Maiduguri, ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Daga nan al'amari ya juya. A rikicin 1966 wannan layi ne ya kwashe dubban mutanen gabas da ke gudun tsira da rai, cikinsu har da ƙwararrun ma'aikatan reluwe. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse hanyar Fatakwal. Bayan yaƙi kuɗin man fetur ya tafi ga titunan kwalta, manyan motoci suka ƙwace dakon doya, har ya zama a 1974 fasinja sun ragu zuwa miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma zuwa kimanin tan miliyan 1. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979, an ba wani kamfanin Sin kwangilar gyara a 1995, amma duk ba a koma gidan jiya ba.

Abin da ya ci Doma, in ji masu iya magana, ba ya barin Awe. Ciwon da ya kama Kaduna da Kafanchan bai ƙyale ƙananan tashoshi ba. A ranar 1 ga Oktoba 1996 Lafiya ta zama babban birnin sabuwar Jihar Nasarawa, gari ya faɗaɗa, ma'aikatu suka ƙaru, amma jirgi ya zama baƙon da kan yi shekaru bai leƙo ba. A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri, a cikin shekarar nan kuma 'yan sanda a Jihar Nasarawa suka kama mutane da motoci shaƙe da ƙarafan dogo da aka ɓalle. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: layin da jama'a suka daina cin moriyarsa, ba mai tashi tsakar dare ya yi gadinsa.

Kammalawa

Damina ba ta sake hali ba ta wannan fuska: har yau takan riga sauka a Lafiya kafin Kano, kuma kasuwar doya ta Agyaragu na cika da motoci masu nufar arewa. Abin da ya sauya shi ne kuɗin dako, wanda ke hawa duk lokacin da man mota ya hau, ya faɗa a kan manomi da mai saye baki ɗaya. Bisa ga haka, duk gyaran da za a yi wa dogon gabas, ma'auninsa a wurin mutanen wannan ƙasa shi ne ko tarago zai tsaya a Kadarko da Agyaragu da Gudi a watan sabuwar doya, da sito da sikeli da ranar zuwa sananniya.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu, musamman Jami'ar Tarayya ta Lafiya da ta Jihar Nasarawa da ke Keffi. Ƙarfen da aka sace ana iya sayo wani, amma tsohon da ya san ranar da aka fara loda doya a tasharsu, in ya kwanta dama shi ke nan. Ya kamata ɗalibai su bi tashoshin nan ɗaya bayan ɗaya, su naɗi labarai da waƙoƙin aiki da kalmomin sana'a tun masu su na da rai. Lokacin da ya fi dacewa kuwa shi ne damina, sa'ad da marka kan tsare tsofaffi a zaure, sabuwar doya na kan wuta.