Masu Lasifika a Ƙasar Gusau: Daga Batirin Mota Zuwa Saun Kad

Kafin na'ura ta shigo ƙasar Zamfara, duk mai son a ji shi daga nesa sai ya dogara da ƙirjinsa ko da fatar ganga. Ladan ya hau tudu, mai shela ya bi lungu-lungu bayan magariba, sanƙira ya tsaya gefen makaɗi yana ɗaga kirari. Ko manyan makaɗan fada da 'yan amshinsu suke cika fili, domin murya ɗaya ba ta kai wa ƙarshen taro. Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ya yi mafi yawan rayuwarsa a wannan zamani kafin ya rasu a 1973. Abin da ya rage mana na muryarsa, da ta Ibrahim Narambaɗa, shi ne ɗan abin da gidajen rediyo da masu bincike suka samu ɗauka.

Jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙaurar Namoda a ƙarshen shekarun 1920, ya kawo kamfanonin sayen gyaɗa da auduga, kantunansu kuma suka kawo garmaho. Amma garmaho kayan birni ne. Mu a Ruwan Bore da maƙwabtanmu na Mada da Wonaka, rediyo ce ta fara shigo mana da muryar da ba a ganin mai ita. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, kuma dattawanmu sun daɗe suna ba da labarin yadda ake kewaye akwati ɗaya da azumi don jin tafsirin Sheikh Abubakar Gumi, wanda shi ma ɗan wannan ƙasa ne, daga Gummi. Sai dai rediyo Kaduna ce ke magana, ƙauye na saurare. Ba ka da ta cewa, ba ka kuma iya ajiye abin da ka ji.

Kaset ne ya sauya wannan. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma yawaita a wajenmu cikin shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya zagaya, alhazai suka riƙa dawowa daga Makka da rikoda a hannu. A lokacin ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya shiga sana'ar da na gada. Jarinsa duka ke nan: amfilifaya ƙirar Ahuja ta Indiya, ƙahon lasifika biyu, makirufo ɗaya mai doguwar waya, rikoda, da batirin mota. A bayan keke yake ɗaure su. In ya isa gidan biki ko suna ko saukar karatu, yaro ya hau bishiya ya ɗaura ƙaho ɗaya yana kallon gabas, ɗaya yamma. Batiri kuwa sai an kai Gusau a yi caji, don haka duk mai taro ya san in dare ya raba murya za ta fara shaƙewa, waƙa ta fara jan ƙafa. Zaɓen 1979 da na 1983 sun yi wa masu lasifika rana, domin babu ɗan takarar da zai shiga ƙauye ba tare da su ba.

Ma'aunin aiki a wancan lokaci guda ɗaya ne: har ina aka ji? Kashegari in mutumin wani ƙauye ya ce sun jiyo daga gonakinsu, to mai lasifika ya ci kuɗinsa. Ba mai tambayar ko an fahimci abin da aka faɗa. Ina ganin wannan ɗabi'a ta yi mana illa har yau. Je ka masallatai da dama ka ji yadda ake murɗa amfilifaya har muryar liman ta tsage, ƙaho ya yi ta kuka, alhali rabin wannan ƙarfi ya isa.

Kaset ɗin da kansu daga Kano suke zuwa, yawanci daga kasuwar Ƙofar Wambai, sai masu shaguna a Gusau su kwafa, na Tsafe da Bunguɗu su kwafa daga nasu, mu kuma mu kwafa daga na ƙarshe. Kowane kwafi yana rage kaifin murya ya ƙara wannan shuuu ɗin da ke bayanta, kamar shayin da ake ta ƙara wa ruwa don ya ishi baƙi. Mun taso muna zaton haka muryar Musa Ɗanƙwairo da ta Sa'idu Faru suke. Wani malamin jami'a a Amurka, Brian Larkin, ya yi rubutu a 2008 kan yadda mutanen Kano suka saba da kallo da saurare ta irin waɗannan gajiyayyun kwafi. Da ya ƙaraso ƙauyukanmu da ya ji na gaske. Aikina na farko a wurin kawu gyaran kaset ne. In rikoda ta cinye zare, sai in jawo shi a hankali, in shimfiɗa a cinya in murje, in yanke wurin da ya tauye da reza, in haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce, sannan in sa biro a rami in naɗe. Baiti ɗaya ko biyu sun tafi ke nan, ba su dawowa.

An ƙirƙiri Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, kuma a shekarar ce kamfanonin kwamfuta suka fito da mahaɗin USB, ko da yake mun yi shekaru kafin mu san da shi. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, kiɗan biki ya ja baya a garuruwa da dama, wa'azi da musabaƙa da walima suka zama abincin masu lasifika. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Sidi ya yi ɗan yayinsa, rana da ƙura suka gama da shi. Wanda ya kashe kaset ɗungurungum shi ne memori. Da wayoyin China masu cin memori suka cika kasuwa, sai ga sabuwar sana'a: masu turi, saurayi da laftof ɗan gwanjo a kan tebur ranar kasuwa, yana zuba wa mutane waƙoƙi da fina-finai da karatun Sheikh Ja'afar. Mu ma muka ajiye rikoda muka koma laftof.

A nan sabuwar matsala ta fito. Waƙa a cikin kwamfuta lambobi ce. Akwai ɗan guntu a ciki da ke mayar da lambobin su zama lantarkin da lasifika ke fahimta, kuma a arhan kwamfutoci yana cunkushe ne kusa da fanka da sauran kayan wuta, yana kwasar hayaniyarsu. Da zarar ka haɗa laftof da amfilifaya ka ƙara murya, sai ka ji tsaki da ƙyas-ƙyas, wani lokaci har motsin mawus kana ji a ƙaho. In caja na jone da janareta, ga gurnani a ƙasa mara yankewa, wanda daga wutar kanta yake, tunda wutar Nijeriya sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa. Ramin iyafis kuma ba a yi shi don wahalarmu ba. Ƙurar hunturu ta shige, a yi ta sakawa ana zarewa, har ya kai sai an tokare waya da tsinken ashana kafin ɓangare ɗaya ya yi magana.

Maganin da ya zo mana shi ne abin da 'yan kasuwar waya ke kira saun kad. Ƙanƙane ne, tsawonsa bai wuce inci biyu ba, kai ɗaya na USB, ɗayan kan ramuka biyu: kore na fitar da sauti, ja-ja na makirufo. Yana da nasa guntun na juya lambobi, don haka aikin ya fito daga cikin kwamfuta ya koma waje. Tun 1998 aka yi ƙa'idar da irin waɗannan na'urori ke bi, shi ya sa ba ya buƙatar a zuba masa wata manhaja. Saka shi kawai, kwamfuta ta gane shi. Laftof da yawa da aka yanke wa ƙauna saboda mataccen rami sun koma bakin aiki ta dalilinsa. Na fara sayen nawa a Gusau, kuma da na kunna wa kawu karatu ta cikinsa, ya daɗe yana jujjuya kwalin. Ya ce, "Kai yaro, wanga ɗan abu shi ka hidda murya haka?" Na ce, "Shi ne, Kawu, ku ƙara saurarawa." Ya saurara, sannan ya tambaya ko zai ƙara nisan da ake ji. Da na ce a'a, sai ya ajiye.

Kada kuma a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Rubutun 7.1 da ke jikin masu arha cika baki ne, hanya biyu ce kawai, hagu da dama. Gurnanin janareta sau da yawa yana biyo shi, sai ka zare caja ka bar laftof a kan batiri. Waƙar da aka matse ta lalace tun wajen turi ba abin da zai gyara ta. Ramin makirufonsa kuwa ɗan ƙaramin makirufo yake jira. In ka zuba masa sauti daga miksa da ƙarfinsa, murya za ta fashe. Mai son ɗaukar taro da kyau ya nemi irin masu ramukan shigar da sauti daga miksa, kamar Behringer UCA202, ko ya rage ƙarfi sosai.

Waya ma ta bi sahu. Kamfanin Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, wasu suka kwaikwaya, duk da cewa yawancin Tecno da Itel da ke hannun mutanenmu ba su cire nasu ba. Da 'yar igiyar OTG, wayoyi da yawa suna karɓar saun kad. Bambancin yana fitowa fili da azumi. Wani ya ɗaga waya gaban ƙaho yana watsa tafsiri a Facebook, kana jin iska da babur da tarin jama'a. Wani ya jawo sauti kai tsaye daga miksa ta saun kad, kana jin malam kalma-kalma. Samari masu TikTok kuma sun rungumi wanda ake kira V8, mai madannan tafi da dariya, ni dai ban ga abin da ya ƙara wa kowa ba.

Rashin tsaro ya taɓa sana'ar fiye da kowace sabuwar na'ura. Taron dare ya ragu a ƙauyuka, kuma ba kowace hanya mai lasifika zai bi da kayansa ba. Da aka katse layukan waya a jihar a watan Satumban 2021, masu turi suka sake yin daraja, memori ya koma yawo hannu zuwa hannu. Wanda ya bar garinsu cikin gaggawa kuwa hatsi da tufafi yake ɗauka, ba kwalin kaset ba.

Wannan shi ne abin da ke damuna. Manyan makaɗa sun samu masu kula; Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin da yawa daga cikinsu a Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Amma makaɗin noma na ƙauye, da mai kiɗan 'yan tauri, da malamin da ya shekara talatin yana tafsiri a zaurensa, muryarsu tana kan kaset ɗin da irin su kawu suka ɗauka ne kawai. Zafi na manne zaren, damina na sa masa fumfuna, rikoda mai lafiya kuma sai an tona. Aikin ceton bai da wuya: rikoda da aka goge kanta da auduga, igiya daga ita zuwa saun kad, da manhajar Audacity wadda kyauta ce. A ɗauka a ajiye a matsayin WAV kafin a matse wa masu waya nasu, a yi kwafi biyu a gidaje daban, a rubuta sunan mai murya da garinsu da shekarar da ake zato. Duk mai tsohon kaset a ƙarƙashin gado, a Gusau yake ko Tsafe ko Bunguɗu, ya fito da shi ya kai wa mai laftof na kusa da shi kafin damina mai zuwa.