Teburan Indiya Na Dauri: Tarihinsu Da Yadda Mai Saye Zai Gane Su



Da yawa daga cikinmu yanzu Allah Ya hore musu tafiye-tafiye, wasu Landan, wasu Dubai, wasu ma Indiya ɗin kanta, ko don fatauci ko don ganin likita. A cikinsu ba a rasa mai dawowa da ɗan tebur mai ado, wanda dillali ya rantse masa cewa daga fadar sarakunan Mugal ya fito. To, kafin wani ya sake zuba kuɗinsa, ya kamata mu ɗan koma ajin tarihi, domin a wannan ciniki wanda ya san tarihin kaya shi ne ba a cuta.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, dogon tebur irin wanda ake jawo kujera a zauna a gabansa baƙo ne a Indiya, kamar yadda yake baƙo a ƙasar Hausa. Mutanen Indiya a ƙasa suke zama, talaka a kan tabarma, sarki a kan darduma da matasai. A fadar Sarki Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, a ƙasa ake shimfiɗa abinci. Abin da suke da shi na gargajiya shi ne ɗan guntun tebur da suke kira cauki, wanda tsawonsa bai wuce na kujerar tsakar gida ba. Saboda haka duk wanda ya nuna maka teburin cin abinci mai dogayen ƙafafu ya ce na Akbar ne, ka yi masa sallama.

Turawa ne suka zo da buƙatar. Vasco da Gama ya iso Kalikut a 1498, Turawan Fotugal suka kama Goa a 1510, Ingilishi kuma suka kafa kamfaninsu na cinikin Indiya a 1600. Da suka zauna sai suka rasa abin zama irin na gida, suka riƙa kai wa masassaƙan ƙasar samfur. Siffar tebur ta Bature ce, amma katako da hannu da ado duk na Ba'indiye ne. Kowane gari kuma ya kama irin nasa aikin, shi ya sa masana idan sun ga tebur, tambayarsu ta farko ita ce wane gari ya yi shi, kuma wa aka yi wa.

A gaɓar Koromandel, wato yankin Madras, a ƙarni na 17 an shahara da tebura da kujeru na wani baƙin katako mai nauyi, ɗan uwan kanyarmu, masu ƙafafu a murɗe kamar igiya. Waɗannan kaya sun ruɗi manyan masana. Horace Walpole, ɗan firaministan Ingila na farko, kuma mutumin da ake ji da shi wajen sanin kayan da, ya sayi irinsu a gwanjo a 1763, yana mai imani cewa aikin Ingila ne na zamanin Cardinal Wolsey, babban wazirin Sarki Henry na Takwas. Wolsey kuwa ya mutu tun 1530, fiye da shekara ɗari kafin a sassaƙa su. Dalilin Walpole shi ne ya taɓa ganin irinsu a wani gida da Wolsey ya zauna, sai ya ɗauka gida da kaya sa'annin juna ne. Da yake babban mutum ne ya faɗa, sai maganar ta zauna, aka yi ta maimaita ta a littattafai har cikin ƙarni na 19. Ni a ganina babu labarin da ya fi wannan amfani ga mai saye: wurin da aka tsinci kaya ba shi ne shaidar shekarunsu ba.

A ƙarni na 18 garin Vizagapatam ne ya karɓi tuta. Masu sana'ar can sukan dasa hauren giwa a jikin katako, ko su lulluɓe katakon da shi, sa'an nan su zana furanni a kan hauren su cike zanen da wani baƙin ƙaro. A Murshidabad ta ƙasar Bengal kuwa da zallar haure ake yi. Mani Begum, matar marigayi Nawab Mir Jafar, ta ba Gwamna Warren Hastings kyautar irin waɗannan kujeru da tebur. Kayan wannan zamani yau sai a gidajen tarihi, irin na Victoria da Albert a Landan, ko a manyan gidajen gwanjo. Ba a tsintarsu a shagon bakin titi.

Abin da ɗayanmu zai iya cin karo da shi na ƙarni na 19 ne zuwa farkon na 20. Akwai aikin Bombai, manyan tebura masu zagayayyen kai na katako mai duhu, an sassaƙe su da ganyaye da tsuntsaye har ana hango haske ta cikin hudojin. Sun yi tashe a zamanin babban baje kolin Landan na 1851. Sai kuma wanda ya fi kowanne yawa, ɗan tebur mai kusurwa takwas na garin Hoshiarpur a Panjab, wanda ake ɗage kansa a naɗe ƙafafun. Da katakon shisham ake yinsa, a dasa masa haure ko ƙashi. Masana itatuwa suna kiran shisham da suna Dalbergia, kunnen Bahaushe zai ji darbejiya a ciki, amma ba dogon yaro ba ne. Bayan baje kolin kayan Indiya da sauran ƙasashen mulkin mallaka da aka yi a Landan a 1886, kantuna irin su Liberty suka riƙa sayar da su da yawa. Wato ko na ainihin ma kayan kasuwa ne da aka yi domin falon Bature, kuma har yau ba a daina yinsu ba, a Hoshiarpur da Saharanpur. Siffa kaɗai ba za ta raba maka na 1890 da na bara ba.

To, me zai raba? Kifa teburin. Mai yin jabu a sama yake ɓata lokacinsa, ya manta da ƙasa. Tsohon katako yakan yi duhu ko'ina bai ɗaya, har cikin lungunan da hannu ba ya kaiwa, alhali wanda aka shafa wa launi za ka ga sawun shafar, ka ga fari a inda buroshi bai shiga ba. Zarton hannu yakan bar sawu a miƙe, marar daidaito, zarton inji mai juyawa kuwa sawunsa a lanƙwashe yake. Idan ka ga sukuru mai tsagar gicciye a kai, to bai girmi shekarun 1930 ba, sai dai in gyara aka yi daga baya. Filawud a ƙarƙashi shi ma abin tuhuma ne. Idan kan teburin zagayayye ne, sa tef ka auna shi ta tsawon jijiyar katakon da kuma ta faɗinta. Katako yana tsukewa ta faɗi idan ya daɗe, don haka tsoho ba ya ba da awo ɗaya. Dubi ƙafafu kuma: shekara ɗari ana ja a daɓe ba ta barin su da kaifi. Tambarin da ke ɗauke da sunan ƙasa a jiki yakan nuna an yi shi bayan 1891, lokacin da Amurka ta wajabta rubuta ƙasar asali a kan kayan da ake shigar mata. Duk wannan ba ya yiwuwa ta hoto a waya, wannan cinikin biri a sama ne.

Farin adon ma iri uku ne. Haure yana da wasu siraran layuka masu gicciye da juna, ana ganinsu da gilashin ƙara girma a inda aka yanka shi a karkace. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo da tsagogi baƙaƙe. Roba kuwa sumul take, babu komai a jikinta, ita ce masu sana'ar Hoshiarpur suka koma wa bayan an hana cinikin haure.

A kula da kayan Jodhpur ma. Can akwai masana'antu da ke sayen tsofaffin ƙofofi da tagogin gidajen da aka rushe, su sa musu ƙafafu su ɗora gilashi. Ƙofar tana iya kai shekara ɗari da hamsin, amma teburin na jiya ne. Yana da kyau a falo, sai dai a biya kuɗin sabo.

Saura doka, kuma a nan ne mutum zai iya rasa kuɗi da kaya gaba ɗaya. Dokar Indiya ta 1972 ta hana ɗan kasuwa fitar da kayan tarihin da suka kai shekara ɗari daga ƙasar. Ke nan idan mai shago a Delhi ya ce tebur ya shekara ɗari biyu, kuma zai aiko maka da shi har Kano, to ko dai ƙarya yake yi game da shekarun, ko kuwa yana shirin sa ka cikin laifi. Na ainihin da ake saya ba tare da fargaba ba yawanci waɗanda suka bar Indiya ne tun zamanin mulkin mallaka. Su ma in da haure a jiki akwai wata matsalar. Yarjejeniyar CITES ta hana cinikin hauren giwar Asiya tsakanin ƙasashe tun 1975, tsohon kaya ma sai da takardar izini yake ƙetare iyaka. A Ingila kuwa, tun watan Yuni na 2022 ba a sayar da irin wannan tebur sai an yi masa rajista, a kan cewa an yi shi kafin 1947, kuma hauren da ke jikinsa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Wanda zai saya ya nemi lambar rajistar kafin a fara maganar farashi.