The Disappointments Room: Fim Ɗin da Aka Ɗauka a Sedgefield

The Disappointments Room, wato Ɗakin Takaici, fim ne na Amurka da ya fito a watan Satumba na 2016. D. J. Caruso ne ya ba da umarni, kuma shi da Wentworth Miller suka rubuta labarin. Kate Beckinsale ce jarumar fim ɗin, tare da Mel Raido da Lucas Till da Gerald McRaney. Abin da ya sa ya shafi jama'armu mazauna Greensboro shi ne, a unguwar Sedgefield aka ɗauki yawancinsa a shekarar 2014.

Gidan da aka yi amfani da shi

Sunan gidan Adamsleigh. An gina shi a wajejen 1930 domin John Hampton Adams, attajirin da ke da masaƙar safa a garin High Point. Ginin bulo ne irin na tsofaffin gidajen Ingila, kusa da filin wasan golf na Sedgefield. An rushe shi a 2019, saboda haka a yau fim ɗin na cikin 'yan wuraren da suka rage da mutum zai ga yadda cikin gidan yake.

Labarin

Dana mai zanen gine-gine ce. Bayan rasuwar jaririyarsu, ita da mijinta David da ɗansu Lucas suka baro Brooklyn suka koma wani tsohon gida a karkara, da fatan hankalinta ya kwanta. Tana cikin duba gidan sai ta tarar da wani ɗaki a can saman bene wanda babu shi a zanen ginin. Bincike ya nuna mata cewa wani alƙali mai suna Blacker, wanda ya taɓa mallakar gidan, a nan ya kulle 'yarsa da aka haifa da nakasa a fuska, don kada mutanen gari su san da ita.

Farkon fim ɗin labarin uwa ne mai fama da baƙin ciki, wadda ta daina shan maganin da likita ya rubuta mata. Daga tsakiya sai ya rikiɗe ya koma abin firgici: jini, da baƙin kare mai kai hari, da kisan yarinyar da guduma. Mai kallo ba ya iya rabe abin da ya faru da gaske da abin da ƙwaƙwalwar Dana ke nuna mata.

Yadda aka karɓe shi

Kamfanin Relativity Media, mai fim ɗin, ya shiga matsalar bashi a 2015, wanda ya jawo jinkirin fitowarsa. Da ya fito kuma masu sharhi suka kushe shi, bai kuwa mayar da kuɗin da aka kashe ba.

Abin lura ga iyalai

An sa wa fim ɗin alamar R, ma'ana ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga kallonsa sai da babba. Ba na yara ba ne, kuma matar da ta yi rashin jariri gara ta ƙyale shi.

Duk da rauninsa, ya taɓo abin da ba baƙo ba ne a gida: ɓoye nakasasshe ko mai taɓin hankali saboda gudun abin kunya. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa, daga wani gida a Rigasa, Kaduna. A watan Janairu na wannan shekarar ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, sannan a Janairu 2023 aka samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

A nan Amurka, tun watan Yuli na 2022 duk wanda ya shiga ƙuncin zuciya, ko yake ganin haka ga wani nasa, zai iya kiran lamba 988 kyauta, dare ko rana. Matar da damuwa ta kama bayan haihuwa ko bayan rashin ɗa, a raka ta wajen likita tun da wuri, a kuma kula kada ta bar shan magani ba da saninsa ba. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.