Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Arewa a Zamanin Firimiya Sa Ahmadu Bello, 1954 zuwa 1966

Gabatarwa

A lokacin da nake ƙaramin ma'aikaci a ma'aikatar ilmi, akwai wani tsohon kabad na ƙarfe a ɗakin ajiye fayil wanda ba mai waiwayarsa. Ranar da aka ce a fitar da shi don a sami wuri, ni aka sa in duba abin da ke ciki. Na tarar da fayiloli masu tambarin Gwamnatin Jihar Arewa, cikin waɗanda aka yo rabonsu daga Kaduna bayan an ƙirƙiro jihohi, gara kuwa ta riga ta ci nata kason. Na yi kwanaki ina karanta waɗanda suka tsira. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawancinsu a kan malamai suke: wa za a tura kwas, wa ya ci jarrabawa, wace makaranta ce ba ta da hedimasta. Tun daga ranar nake sha'awar tarihin wannan ma'aikata, kuma abin da na fahimta game da ita shi zan gabatar a wannan takarda.

Ya kamata matasan malamai su lura cewa a wancan zamani idan aka ce Jihar Arewa ana nufin Arewa baki ɗayanta, daga Sakkwato zuwa Barno, daga Katsina zuwa Ilori da Makurɗi. Larduna 12 ne, suka zama 13 a 1961 da aka kafa Lardin Sardauna. Ministan ilmi ɗaya ne ke riƙe da duk wannan ƙasa daga ofishinsa a Kaduna.

Gwamnatin tsofaffin malamai

Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, ya riƙe muƙamin har zuwa 15 ga Janairun 1966 da aka kashe shi, Allah ya jiƙansa. Kafin ya shiga sarauta da siyasa malamin makaranta ne. Ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato har zuwa 1934 da aka naɗa shi hakimin Raba. Manyan abokan tafiyarsa ma haka suke. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Bauci, Shettima Kashim Ibrahim a Barno, Aliyu Makaman Bida a Bida, Isa Kaita a Katsina, kuma dukkansu Kwalejin Katsina ce ta yaye su. Har jagoran 'yan adawa, Malam Aminu Kano, malami ne, shi ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Duk wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane dalilin matakan da ma'aikatar ta ɗauka ba. Mutane ne da suka riƙe alli da hannunsu, sun san abin da aji yake zama idan babu ƙwararren malami a gabansa.

Ministoci biyu ne suka riƙe ma'aikatar. Makaman Bida shi ne ministan ilmi na farko a Arewa, tun 1952 kafin ma a kafa ofishin Firimiya. A 1957 ya koma ma'aikatar kuɗi, Alhaji Isa Kaita, wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar ayyuka, ya gaje shi. Isa Kaita, Wazirin Katsina, bai bar kujerar ba sai da soja suka kifar da gwamnati. Mutum ne mai fasahar magana, don ya yi aikin rediyo a Ankara ta ƙasar Gana lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya ƙaro karatun mulki a Ingila. Shekara tara minista ɗaya yana kan kujera ɗaya. Mu da muka yi aiki a zamanin da ake sauya kwamishina kafin ya gama sanin sunayen daraktocinsa mun san darajar wannan.

Shawarar da ta raba Arewa da Kudu

A Janairun 1955 gwamnatin Cif Awolowo ta Jihar Yamma ta fara ilmin firamare kyauta ga kowa. Cikin shekara ɗaya yawan 'yan firamare a can ya tashi daga kimanin 457,000 zuwa 811,000. Jihar Gabas ta bi sahu a 1957, amma kuɗi suka gaza, a 1958 aka maido da biyan kuɗin makaranta a wasu azuzuwa. Arewa ba ta shiga wannan tsere ba, kuma wannan ita ce shawara mafi nauyi da ma'aikatar ta yanke a duk tarihinta.

Dalilan a fili suke. Turawa sun taƙaita ayyukan mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi, alhali kuwa a Kudu mishan ne suka gina yawancin makarantu suka horar da malamansu. Saboda haka ko da gwamnatin Kaduna ta sami kuɗin gina azuzuwa, ba ta da wanda za ta sa a ciki. Daɗin daɗawa, talakawa da yawa ba su yarda da boko ba. Makarantun elementare na En'e ne, hakimi ake ɗora wa alhakin kawo yara, shi kuma ya ɗora wa dagatai. Wani kawuna ya sha ba mu labarin yadda kakarmu ta ɓoye shi cikin rumbun dawa yini guda ranar da dogari ya zo ɗaukar yara, aka tafi da ɗan wani maƙwabci maras gata a madadinsa. Wannan yaro daga baya ya yi ritaya yana babban jami'in gwamnati. Kawuna kuwa har ya rasu yana ba da labarin yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Abin da ma'aikatar ta zaɓa shi ne ta fara da malami da kuma makarantun gaba da firamare. Aka ɗaga makarantun midil na larduna suka zama sakandaren lardi. Midil ta Kano, wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa, tana cikinsu. Aka faɗaɗa kwalejojin horar da malamai irin su na Katsina da Toro da Maru da Wudil, inda ake ba da takardar Giredi Uku da Giredi Biyu. A 1956 aka buɗe makarantar 'yan mata ta Sarauniya Elizabeth a Ilori, a wannan shekarar kuma aka kafa makarantar koyon fasaha ta Kaduna, wadda ita ce tushen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

Akwai wani dalili na siyasa da ba a ɓoye shi ba. Sardauna ya ƙudura cewa aikin gwamnatin Arewa sai ɗan Arewa. In ba a samu ba a ɗauki Bature a kan kwantiragi, har ɗan Arewa ya ƙware. Irin wannan manufa ba 'yan aji huɗu take bukata ba, akawuna take bukata da jami'an mulki da injiniyoyi da alƙalai, kuma da gaggawa, domin mulkin kai na Arewa ya zo ranar 15 ga Maris 1959, na ƙasa kuma 1 ga Oktoban 1960. Wannan ne ya sa yaron da ya sami shiga sakandare a lokacin ya zama ɗan gata. Gwamnati ke ci da shi, ta ba shi tufafi da littattafai da kuɗin mota, aiki kuma yana jiransa tun bai gama ba.

Yaƙi da Jahilci

Ba a bar manya haka nan ba. Tun farkon shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wanda sunan Malam Ahmadu Kumasi, mutumin Katsina, ya shahara da shi. Daga baya ya zama babban sakataren ma'aikatar ilmi. Ajin yamma ne a ƙofar gidan dagaci ko a gindin bishiya, magidanta su koyi karatu da rubutu da ɗan lissafi cikin harshensu. Dattawa za su tuna cewa abin da ya fi jawo mutane shi ne mutum ya iya karanta rasidin harajinsa da kansa, ya kuma duba abin da sikeli ya nuna a wurin sayar da gyaɗa ko auduga, ya rubuta wasiƙa ba tare da ya tona asirinsa ga wani ba.

Wanda ya koyi karatu kuma yana bukatar abin karantawa, in ba haka ba ya manta. Don haka aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu arha da jaridun larduna: Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, Albishir ta Barno. An rufe hukumar a 1959, kuma a ganina wannan kuskure ne, don a daidai lokacin ne masu karatun suka fara yawa.

Shekarun Isa Kaita na ƙarshe

Bayan samun 'yancin kai abubuwa biyu suka sauya fasalin ma'aikatar. Na farko shi ne rahoton kwamitin Ashby na 1960, wanda Shettima Kashim yana cikin membobinsa. Kwamitin ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa, ya kuma sa wa Arewa burin ɗaya cikin huɗu na yaranta su riƙa kammala firamare kafin 1970. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna inda ake a lokacin. Ranar 4 ga Oktoban 1962 aka buɗe jami'ar a Zariya da ɗalibai 426, Dokta Norman Alexander ne shugabanta na farko, Sardauna kuma uban jami'a. Ba daga fili aka gina ta ba, an haɗa cibiyoyin da ke akwai ne: reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, da makarantar koyon mulki ta Kongo, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da kwalejin Kano da aka sa wa sunan Abdullahi Bayero. A shekarar ce kuma aka buɗe Babbar Kwalejin Horar da Malamai ta Zariya, don a sami 'yan ƙasa masu koyarwa a sakandare.

Na biyun bai yi suna kamar jami'a ba, amma malaman firamare sun fi jin sa a jikinsu. A 1961 gwamnati ta sa wani Bature mai suna Oldman ya binciki yadda ake tafiyar da firamare da yadda ake biyan kuɗinta. Daga rahotonsa aka yi Dokar Ilmi ta 1962, wadda ta kawo hukumomin ilmi na yankuna, ta kuma shigo da makarantun En'e da na mishan cikin tsari ɗaya ƙarƙashin jagorancin ma'aikata. Kalmar nan ta L.E.A. da ke jikin allunan makarantunmu daga nan ta samo asali.

To, me aka samu? A 1960 'yan firamare a duk faɗin Arewa ba su kai 300,000 ba, a lokacin da Gabas da Yamma kowace ta haura miliyan ɗaya, ga shi kuwa Arewa ta fi kowace yawan jama'a. Zuwa 1965 sun kusa rabin miliyan. An ci gaba, ba shakka, amma ratar tana nan. Ko a cikin Arewar ma ba a tafi daidai ba, domin lardunan da mishan suka yi ƙarfi, irin su Kabba da Ilori da Binuwai da Filato, sun yi wa na can sama nisa. 'Yan mata kuwa su aka fi bari a baya. A nan ina ganin ma'aikatar ta yi sanyi fiye da kima. Gwamnatin da sarakuna ke tare da ita, wadda Firimiyanta jinin Shehu ne, tana da bakin da za ta gaya wa iyaye su kai 'ya'yansu mata makaranta a saurare ta, kuma ba ta yi amfani da wannan baki yadda ya kamata ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, waɗanda makarantun wancan zamani suka yaye su ne suka riƙe Arewa bayan 1967, lokacin da Janar Gowon ya raba ta jihohi shida, kowace tana bukatar nata manyan sakatarori da sufetocin makarantu da shugabannin kwalejoji. 

Tambayar da Kaduna ta amsa a 1955 ta sake dawowa a Satumbar 1976, da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da ilmin firamare na bai-ɗaya, wato UPE, a ƙasa baki ɗaya. A wannan karon an buɗe ƙofa tukuna, sannan aka shiga neman malamai. Ina kwalejin horar da malamai a lokacin, aka tura mu gwajin koyarwa wani ƙauye. Na shiga aji ɗaya na tarar da yara sun cika ɗaki har baranda, wasu a kan tabarma, wasu a ƙasa, allo ɗaya, ni kaɗai. Hedimastan dattijo ne mai Giredi Uku, wanda aka horar a zamanin Isa Kaita. Ya leƙo ta taga, ya dube ni, ya dubi yaran, ya ce in raba su gida uku in fara da waɗanda suka iya riƙe fensir, sauran zai zo ya ɗauke su bayan tara. Cikin waɗanda ya ɗauka ranar akwai 'yan mata goma sha wani abu, kuma ya gaya mini cewa a shekarunsa na koyarwa a garin bai taɓa ganin mata sun kai haka a aji ɗaya ba.