Daga Alƙaluman Madabo Zuwa Kwamfuta Mai Kai Biyu

Duk wanda ya san tarihin Kano ya san Madabo, unguwar malamai da ake danganta kafuwarta da zuwan Wangarawa daga ƙasar Mali. A can, kafin zuwan injin ɗab'i, da hannu ake kwafar littafi. Da yake takardun littattafan ba a ɗinke suke ba, malami na iya raba su ga almajirai biyu, wannan ya ɗauki farko, wancan ya ɗauki ƙarshe, aikin wata biyu ya koma na wata guda. Amma ranar da malamin ya zauna wallafa nasa littafin, ko almajirai goma ya tara ba su da abin yi sai jira, domin sai an gama jimla ake shiga ta gabanta.

To wannan shi ne gaba ɗayan rikicin da aka yi a kan kwamfuta mai ƙwaƙwalwa biyu.

Har zuwa 2004, hanya ɗaya kamfanin Intel ya riƙe, wato ƙara wa ƙwaƙwalwa guda gudu. Pentium 4 ta kai gigahaz 3.8, sai zafi da cin wuta suka ce ba a isa ba, dole kamfanin ya fasa fitar da mai gigahaz 4. Sai aka koma dabarar Madabo, aka dasa ƙwaƙwalwa biyu a guntu ɗaya. IBM ya riga kowa tun 2001, amma a manyan injuna. A 2005 ne abin ya iso gidaje, AMD ya fito da Athlon 64 X2, Intel kuma da Pentium D, sannan Core 2 Duo ta biyo baya a 2006.

Wa ya ci riba? A Kano amsar tana wajen 'yan fim. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi Turmin Danya a 1990, daga kaset zuwa kaset ake haɗa fim. Da aiki ya koma kan kwamfuta, sai edita ya haɗu da sabon ciwon kai, wato jiran inji ya dafa aikin bayan an gama yanke-yanke. Mai karatu ya lissafa da kansa: hoto 25 ne a kowace daƙiƙa, ka ga fim na minti 90 hoto 135,000 ke nan, kowanne sai an bi ta kansa. Ga furodusa a tsaye yana jiran ya kai kaya Ƙofar Wambai, ga NEPA (wadda ta canza suna zuwa PHCN a 2005, hali kuwa yana nan) tana iya ɗauke wuta aiki na tsaka, ga janareto na shan mai. Irin wannan aiki shi ne mai rabuwa kamar takardun almajirai, don haka duk ƙwaƙwalwar da aka ƙara, lokaci ne da kuɗin mai suka ragu.

Marubuta littattafan soyayya fa? A gaskiya ba su ƙaru da wani abin kirki ba. Mai buga labari a Microsoft Word, inji ne ke jiran yatsunsa. Damuwarsa ma wata ce daban, yadda zai samu ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai. Tun 1967 wani injiniyan Amurka, Gene Amdahl, ya yi wannan lissafi: in rabin aiki ba ya rabuwa, ko ƙwaƙwalwa dubu ka zuba ba za ka wuce ninki biyu ba, da guda biyu kuwa abin da za ka ƙaru da shi kashi ɗaya cikin uku ne kacal. Yawancin manhajojin wancan zamani ma ƙwaƙwalwa ɗaya suka sani, ta biyun sai zaman kashe wando.

A ganina, wanda ya sayar da tsohuwar Pentium 4 a 2006 don kawai ya buga labari, kwalliya ya saya. Ɗan sauƙin da ya samu shi ne inji ya daina sanƙarewa in maganin bairos na bincike shi kuma yana rubutu. Sai da masu rubuta manhaja suka ɗauki shekaru suna koyon raba aiki kafin mai gida ya ji bambanci sosai, lokacin kuwa masu karatu da yawa sun bar littafin takarda sun koma karatu a waya, wadda ita kanta sau da yawa ƙwaƙwalwa takwas ce a cikinta.