Ricky Martin: Ɗan wasan Puerto Rico da ya shiga sahun waɗanda suka tilasta wa gwamna murabus

Akasarin mutane da waƙa suka san Ricky Martin, musamman waƙar gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa, gasar da Najeriya ta doke Sifaniya da ci 3 da 2. Sai dai kuma ɗan wasan kwaikwayo ne na dandamali da talabijin, wanda rayuwarsa ta sirri ta zama batun siyasa a tsibirinsu.

Asali da tasowa

Sunansa na yanka Enrique Martín Morales. An haife shi ranar 24 ga Disamba, 1971, a San Juan, babban birnin Puerto Rico, tsibirin yankin Karibiyan da ke ƙarƙashin ikon Amurka tun 1898. Mutanen tsibirin 'yan ƙasar Amurka ne, amma mazauna cikinsa ba sa jefa ƙuri'a a babban zaɓen shugaban ƙasa.

Ya shiga ƙungiyar mawaƙa yara ta Menudo a 1984, yana ɗan shekara 12, ya bar ta a 1989. Daga nan ya nufi Meziko, inda ya hau dandamali kuma ya fito a wasan talabijin mai suna Alcanzar una estrella II a 1991.

Dandamali da talabijin

A 1994 ya samu gurbi a General Hospital, shiri mai dogon zango na talabijin ɗin Amurka, a matsayin Miguel Morez. A 1996 ya taka rawar Marius a wasan Les Misérables a Broadway, cibiyar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta New York. Shaharar waƙa ta ɗauke shi daga dandamali tsawon shekaru, sai a 2012 ya koma Broadway a matsayin Che, mai ba da labari a wasan Evita.

Rawar da ta fi jawo masa yabo ita ce ta Antonio D'Amico, abokin zaman fitaccen mai tsara tufafin nan ɗan Italiya, Gianni Versace, wanda aka harbe a ƙofar gidansa a Miami a 1997. Shirin ya fito a 2018, kuma ya sa an sanya Martin cikin jerin masu takarar lambar yabo ta Emmy. A 2024 ya fito a shirin Palm Royale.

Sirrin da ya daɗe yana riƙewa

Shekara da shekaru ana raɗe-raɗi a kan rayuwarsa. A 2000 'yar jarida Barbara Walters ta matsa masa da tambaya a talabijin ko maza yake so, ya ƙi ba da amsa, kuma daga baya ita kanta ta ce ta yi nadamar matsin. Ranar 29 ga Maris, 2010, ya bayyana da kansa a shafinsa na intanet cewa shi mai neman jinsinsa ne. Ya auri mai zane Jwan Yosef, suka sanar da rabuwarsu a 2023. Yana da 'ya'ya huɗu.

Zanga-zangar 2019

A watan Yulin 2019, wata cibiyar 'yan jarida masu binciken ƙwaƙwaf ta Puerto Rico ta wallafa shafi 889 na hirar sirri da Gwamna Ricardo Rosselló ya yi da muƙarrabansa a manhajar Telegram. A cikin hirar an ci mutuncin mata 'yan siyasa, an yi wa Martin ba'a a kan neman jinsi, har an yi raha da gawarwakin da suka taru bayan guguwar Maria ta 2017, wadda ƙiyasin hukuma ya ce ta yi sanadin mutuwar mutum 2,975.

Martin bai tsaya ga kare kansa ba. Ya koma San Juan, ya shiga cikin masu zanga-zanga tare da mawaƙa Bad Bunny da Residente, suna neman gwamna ya sauka. Ranar 22 ga Yuli ɗaruruwan dubban mutane suka cika babbar hanyar birnin. Kwana biyu bayan haka Rosselló ya sanar da murabus, ya bar kujera ranar 2 ga Agusta.

Ba shaharar mutum ɗaya ce ta kayar da gwamnan ba. Takardun da 'yan jarida suka bankaɗo sun iske jama'ar da bashi, tsuke bakin aljihu da sakacin hukuma suka riga suka kai bango. Gudummawar Martin ita ce jawo idon duniya zuwa tsibirin da ba kasafai ake jin kukansa ba.

Ayyukan jinƙai

Tun 2003 yake jakadan fatan alheri na asusun UNICEF, kuma gidauniyar da ke ɗauke da sunansa ta mayar da hankali kan yaƙi da safarar yara.