Fis mai haske: abin da yake nuna wa direba da abin da ba ya nunawa

Fis, wanda wasu ke kira fiyus, ɗan ƙaramin abu ne da bai kai babban yatsa ba, amma a kansa lafiyar wayoyin mota ta rataya. A 'yan shekarun nan wani nau'insa mai ɗauke da ƙwayar fitila ya shiga shagunan kayan gyaran motoci. Da zarar ya ƙone sai ƙwayar ta kama, direba ya gane wanda ya lalace a cikin jerin 'yan'uwansa ba tare da ya zare su ɗaya bayan ɗaya ba.

Amfanin wannan ya fi fitowa fili a garuruwan da ke nesa da manyan garejoji, irin su Awe a Jihar Nasarawa. Garin ya yi suna da gishiri tun zamanin da, kuma motocin da ke bin hanyar Lafiya zuwa Obi, Awe da Tunga suna ɗauko shinkafa, doya, riɗi da fasinjoji, sau da yawa tun kafin asuba ko bayan magariba. Direban da fitilarsa ta ɗauke a tsakiyar daji ba shi da mai wayarin a kusa, sai abin da ya sani da abin da ya riƙo a aljihun mota.

Aikin fis a cikin mota

Kowace na'ura a mota, daga fitila da hon zuwa waifa da famfon mai, tana samun wuta ne ta wayar da aka auna kaurinta daidai da buƙatarta. Idan rigar waya ta goge, tagullar ciki ta taɓa ƙarfen jikin mota, sai wuta mai yawa ta kwararo daga batir a lokaci guda. Wayar za ta yi zafi, robarta ta narke, abin da ke kusa da ita ya kama.

An sanya fis ne domin ya riga wayar lalacewa. A cikinsa akwai siririn ƙarfe, galibi na zinki, wanda ke narkewa idan wutar ta wuce ƙima, hanya ta yanke. Ana auna ƙarfinsa da amfiya, kuma lambar na rubuce a kansa. Fis mai ƙafa biyu na matsakaicin girma yakan ƙone cikin daƙiƙa 5 ko ƙasa da haka idan wutar da ta bi ta cikinsa ta ninka lambarsa.

Tsofaffin motocin Amurka da Japan sun yi amfani da fis na gilashi, irin wanda har yanzu ake gani kusa da batir a babura da yawa. Nau'in roba mai ƙafa biyu da ya mamaye motocin yau kamfanin Littelfuse na Amurka ne ya fito da shi a shekarar 1976. Launinsa yana tafiya da ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari garai-garai 25, kore 30. Yana zuwa a girma daban-daban, da manya da matsakaita da ƙanana da masu gajerun ƙafafu, kuma kowace mota tana da wanda aka yanka wa gurbi.

Yadda hasken ke kamawa

Fis mai haske bai bambanta da na yau da kullum ba wajen kare waya. Abin da aka ƙara masa shi ne ƙwayar fitilar LED da ɗan abin rage ƙarfin wuta, wanda masu gyaran rediyo ke kira rezisto. An haɗa su ne tsakanin ƙafafun nan biyu, gefe da gefe da siririn ƙarfen.

Muddin ƙarfen yana nan lafiya, wuta tana bi ta kansa domin nan ce hanya mafi sauƙi, ƙwayar kuma ba ta samun abin da zai kunna ta. Idan ya narke, babu sauran hanya sai ta cikin ƙwayar. Wutar da ke ratsawa 'yar kaɗan ce ƙwarai, ba ta isa ta juya waifa ko ta kunna fitilar gaba ba, amma ta isa ta haskaka kan fis ɗin. Littelfuse na sayar da irinsa da sunan Smart Glow, Bussmann kuma da sunan easyID, sannan akwai wasu masu yawa daga masana'antun Asiya.

Akwatin fis yakan kasance a ƙarƙashin sitiyari, ko gefen ƙafar direba, ko cikin bonet, wuraren da ko da rana ba a gani sosai. Motar zamani na iya ɗaukar fis fiye da 30. A yawancin motocin da aka shigo da su bayan an yi amfani da su a ƙasashen waje, littafin mota ya ɓata, zanen da ke bayan murfin akwatin ma wani lokaci ya goge. A irin wannan hali ɗigon haske guda yana rage wa direba aiki mai yawa. Yana kuma hana shi zare fis masu lafiya ya mayar da su gurbin da ba nasu ba.

Inda hasken ke yaudara

Rashin ganin haske ba hujja ba ce cewa fis ɗin lafiya yake. Ƙwayar tana kamawa ne kawai idan akwai wuta a layin, kuma hanyar ta cika har zuwa jikin mota. Idan makulli a kashe yake, ko ba a kunna na'urar da ake zargi ba, ko ƙwan fitilar da ke ƙarshen layin shi ma ya mutu, fis zai iya ƙonewa ya zauna shiru. Saboda haka mai dubawa ya fara murɗa makulli, ya kunna abin da ya daina aiki, sannan ya leƙa akwatin.

Haka kuma 'yar wutar da ke ratsa ƙwayar tana iya rikita mai wayarin. Idan ya ɗora mita a bayan fis ɗin da ya ƙone, yana iya ganin alamar wuta ya ɗauka layin lafiya yake. A layukan da ba sa mutuwa ko an cire makulli, ƙwayar za ta yi ta ci dare da rana, tana shan batir a hankali idan mota ta daɗe a ajiye.

Sai a lura da ƙarfin batir. Ƙananan motoci suna aiki da bolt 12, manyan motocin dakon kaya kuwa galibi bolt 24. Mai saye ya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin kafin ya sa wa tirela ko tifa.

Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne, hasken yana nuna fis ɗin da ya ƙone, amma ba ya faɗin dalili. A hanyoyin karkara dalilan sanannu ne: jijjiga a kan gargada tana goge rigar waya, ruwan damina yana shiga soket, ɓeraye suna gwaguyar wayoyin motar da ke kwana da hatsi. Akwai kuma ƙarin kayan da ake jona wa mota ba tare da lissafi ba, kamar manyan fitilu, hon mai ƙarfi da lasifika.

Lissafin ba shi da wuya. Ana raba wat da bolt a sami amfiya. Ƙwan fitila mai wat 55 a motar bolt 12 yana jan kusan amfiya 4.6, guda biyu kuma sun haura 9. Wanda ya jona su a layin da ke da fis na amfiya 10, alhali layin yana ɗauke da wasu kayan tun asali, ya tabbata zai yi ta canza fis.

Ƙa'idar canzawa

Direba ya kashe mota, ya zare fis ɗin da ɗan matsen roba da akan ajiye a cikin akwatin, ya sa sabo mai lamba ɗaya da girma ɗaya. Idan babu sabo a hannu, ana iya aro mai lamba iri ɗaya daga abin da tafiya ba ta dogara da shi ba, kamar rediyo, har a isa gari. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, matsalar tana cikin waya ko na'ura, kuma aikin ya zama na mai wayarin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa fis mai lamba mafi girma, ko naɗa zaren tagulla, ko cusa takardar gwangwani ta kwalin taba a gurbin. Fitila za ta dawo, amma an cire wa wayar mai tsaronta. Ranar da waya ta sake taɓa ƙarfe, ita ce za ta narke a maimakon fis, kuma tana bi ne ta bayan dashbod da ƙarƙashin kujeru, cikin roba da soso.

Zaɓen mai kyau

Kayan gyara suna isa garuruwa irin su Lafiya da Awe daga manyan kasuwanni kamar Ladipo a Legas, Nkwo a Nnewi da Ƙofar Ruwa a Kano, kuma a cikin kayan akan sami nagari da na jabu. Haɗarin fis na jabu shi ne ƙarfensa bai dace da lambar da aka buga masa ba, yana iya ƙin ƙonewa har robarsa ta narke a cikin akwatin. Ƙwayar fitila ba ta gyara wannan aibi, domin fis ɗin da bai yanke ba ba zai yi haske ba. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ke da alhakin sa ido kan irin waɗannan kaya.

Mai saye ya duba sunan kamfani da lambar da aka buga sarai, ya tabbatar launi ya yi daidai da lamba, ƙafafun kuma masu kauri ne da ke kama gurbi gam. Fis mai haske ya fi na yau da kullum tsada, don haka ba dole ba ne a canza na akwati gaba ɗaya. Ana iya farawa da layukan da tafiyar dare ta dogara da su, wato fitilun gaba da na baya, fitilar birki, waifa da hon, sannan a ajiye biyu-biyu na amfiya 10, 15 da 20 tare da tocila a aljihun mota.